Musayar Waƙa: Garka ko Amfi?

Mai Kula da Zaure, Yamai

Salamu alaikum 'yan zaure. Musayar makon nan ta ango da amarya ce, ɗalibanmu biyu na Jami'ar Abdou Moumouni da aka ɗaura wa aure lokacin hutu. Gardamar ita ce garka ko amfi, wato babban ɗakin lacca na jami'a. Ƙwar huɗu za a yi, amsa-amo "ya". Kowa na iya tsoma baki, amma da baiti. Ango, bisimilla.

Ango Ɗan Adar

Da sunan Rabbu nake fara,
Mai ba bawa, ba ya ƙwara,
Ya kai ni ga abin da nake jira,
An ɗaura aure, na yi godiya.

Ɗaki ɗaya ne a Harobanda,
Katifa, tabarma, sai randa,
Littattafai sun rasa inda
Za su zauna, sai bisa tukunya.

Ni ina mastar fannin noma,
Memwar ta hana ni ko hamma,
Da na gama Tawa za ni koma,
Amarya, ɗaure kaya, ki shirya.

Albasar Galmi tana kirana,
Ga garka can a wurin babana,
Yamai ta rarake aljihuna,
Wata bai mutu ba, ga mai karɓar haya.

Amaryar Harobanda

Malam, na ji, sannu da ƙoƙari,
Amma ran baiko an yi tsari,
Kawu ya faɗa gaban mutan gari:
Karatun ɗiyarmu kada ya tsaya.

Lisans shekara uku ake yi,
Ɗaya na ci, biyu na nan da nauyi,
Ba na ajiye alƙalami in yi
Tsinkar albasa bakin rijiya.

Kuɗin bursu in sun shigo hannu,
Ni ke kasa su sannu-sannu,
Na haya, na gawayi, na garin kunu,
Ko dala ta ragu in kai ta ajiya.

In sun makara, kai ba ka sani,
Kitson maƙwabta ke fisshe ni,
Da dambun da nake kai wa masu gini,
Shi ya sa kullum tuwonka da miya.

Taubashin Amarya, Bukoki

Kai jama'a, ku kawo wa ango ruwa! Gadar Kennedy tun 1970 take tsaye kan kogin Isa, ba ta taɓa ganin mai tsallake ta da sauri irin wannan bawan Allah ba.

Ango, ka tsokano, ka sha kashi,
Ni na san ta, ni ne taubashi,
Tun tana 'yar mitsitsiya in ta ba ka bashi,
Ko goro ne sai ka biya.

Na gan ka jiya a kan gada,
Da jakar takardu, kana sayyada,
Ka daina leƙo mu shayin fada,
Kuɗin faba-faba ma sun yi wuya.

Ango Ɗan Adar

Taubashi, tuzuru, me ka sani?
Daren bazara in zafi ya kore ni,
Muna tsakar gida, ita da ni,
Fitila ɗaya, littafi biyu, ga dariya.

In ta yi barci kan littafinta,
Ni ke ɗebo ruwan alwalarta,
In ja mata tambayoyin darasinta,
Tun asuba kafin ta kama hanya.

Goggon Ango, Tawa

Jikata ce ke rubuta mini a waya, ni faɗi kawai nake yi. In baiti ya karkace laifinta ne.

Saurara ɗana, ni ce goggo,
Tun ɗazu nake jin kukan ango,
Garkar babanka ta bayan zango,
Ƙannenka na ban ruwa lafiya.

Ni aji biyu aka fisshe ni,
Aka sa lalle, aka kai ni,
Har yau takardar likita in an ba ni,
Sai in riƙe ta kamar makauniya.

In kewar gida ke damunka,
Hutu na zuwa, ɗauko matarka,
Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, ga ka,
Yini guda ne a mota, Allah kiyaye tafiya.

Amma kar ka tare mini da ita
Ba tare da shaidar karatunta,
Ni na karɓi amana gun uwarta,
Kada ka sa in kasa fita don kunya.

Malamin Lakkwal, Tawa

Hajiya ta gama magana, sai dai ina da 'yar gudummawa. Mutanen Yamai kan yi kamar babu jami'a sai tasu. Tawa na da jami'a tun 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihi. Akwai sashen shari'a da tattalin arziki, akwai na noma. Na ji an ce amarya tattalin arziki take karanta.

Ku zo Tawa, ga jami'armu,
Fannin amarya na cikin namu,
Na ango ma akwai shi wurinmu,
Ta nemi canji, a huta da jayayya.

Amaryar Harobanda

Malam, na gode da shawara,
Amma canji sai an yi hattara,
Kar a ce wani darasi in sake fara,
Ina gaba a mai da ni baya.

Uwar Biyu, Talladje

Ni dariya kuke ba ni. Duk an kewaye babban zancen, ba wanda ya taɓa shi. To ni da na bi hanyar nan bari in faɗa.

Kuna ta gardamar garka da amfi,
Akwai baƙon da ke zuwa da ƙarfi,
Ni na yi jarrabawa, ga goyo ga littafi,
Yana tsala kuka waje a hannun Iya.

In fito da gudu in ba shi mama,
In koma aji hannuna na kyarma,
Rabin tambaya ban kai ga gama ma,
Aka ce lokaci ya yi, kowa ya tsaya.

Ku shiga adashe tun da wuri,
Ku san wa zai riƙe jinjiri,
Ran jarrabawa ba a jin uzuri,
Ango, wankin tsumma sai ka iya.

Amaryar Harobanda

Haba Yaya, don Allah! Goggo na cikin zauren nan fa.

Goggon Ango, Tawa

Ban ji komai ba, ɗiyata. Amin kawai na ce.

Ango Ɗan Adar

Goggo, na ji, na bi maganarki,
Amarya, ci gaba da karatunki,
Bautar ƙasa zan nema kusa da ɗaki,
Shekara biyun nan mu yi su wuri ɗaya.

Amma ni ma sharaɗi zan kafa,
Ran da kika gama mu naɗe katifa,
Ke za ki riƙe lissafin sefa,
In 'yan Gana sun zo za su saya.

Kaka albasa kan faɗi warwas,
Dillali ya zo ya kwashe ta tas,
Mu yi rudu mu adana, shi ne tabbas,
Sai ta yi daraja mu fitar, mu juya.

Taubashin Amarya, Bukoki

Ka ba ta riƙon kuɗi da bakinka, gaban shaidu? Allah ya jiƙan aljihunka. Ba ni da baiti, hawaye sun hana ni.

Amaryar Harobanda

Na yarda, Malam, in a rubuce,
Goggo shaida, haka ya dace,
Kuma kusurwar garka ɗaya tawa ce,
Zogale zan shuka, ba tambaya.

Ango Ɗan Adar

To, wannan kuma sai an tambayi Baba. Garkar ba tawa ba ce tukuna.

Goggon Ango, Tawa

Babanka ƙanena ne, ni na goye shi. Bar ni da shi.