Tudu ko matse hanya: wanne zai rage gudu a titin unguwa?

Ɗan kwangila: Salamu alaikum. Ni dai ra'ayina, idan za a sake gina titin unguwa kada a wahalar da kai. A zuba kwalta, a jera tudun rage gudu, shi ke nan. Shi ya fi araha, kuma babu direban da ke gardama da tudu.

Injiniyan hanya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wane tudun tukuna? Idan irin wanda matasa ke yi da siminti buhu biyu ne, mai tsini kamar kunyar doya, wannan fasa salansa yake yi, ya kayar da mai babur cikin dare. Tudun kirki, irin wanda aka gwada a Ingila a shekarun 1970, tsawonsa mita 3.7 ne ta inda mota ke bi, tsayinsa santimita 7.5 zuwa 10. A gudun kilomita 25 mota za ta hau ta sauka lafiya, a 50 kuwa sai ta yi tsalle. Tazara tsakanin tudu da tudu kuma kada ta wuce mita 90. In an nisanta su, direba zai taka birki a kan tudu, ya taka totur a tsakani, maƙwabta su kwana da ƙara.

Mai tsara birane: Injiniya, tudu gyara ne ga titin da aka riga aka yi kuskuren gina shi. Tunda tun daga ƙasa za a tone, me ya sa za a maimaita kuskuren? Titi mai faɗin mita 10, miƙaƙƙe ɗoɗar, shi da kansa ke kiran gudu. A bar hannu biyu, kowanne mita 3. Ragowar a yi wa masu tafiya a ƙasa hanya, aƙalla mita 1.5 kowane gefe, a dasa dalbejiya. A matse kusurwar mahaɗa yadda mai shan kwana dole ya lafa. Mai gudun 30 zai tsaya cikin kusan mita 13. Mai gudun 50 sai ya ci kusan 28. A cikin wannan bambancin yaron da ya fito daga zaure a guje yake.

Ɗan kwangila: Hajiya, wannan hanyar ƙafar wata uku ba za ta yi ba mai shago ya kafa rumfa a kai. Kuma ƙarfe goma sha ɗaya na dare, titi fayau, mita 6 ba za ta hana matashi gudu ba.

Direban motar kashe gobara: A tuna da mu. Mota cike da ruwa tana iya rasa har daƙiƙa 10 a kowane tudu, ga ruwan yana tangal-tangal a tanki. Motar asibiti mai ɗauke da mai naƙuda ma haka. Gara tudun da aka raba gida-gida, faɗin kowanne kamar mita 1.7: tayoyin babbar mota su bi ta gefe da gefe, ƙaramar mota dole ta hau.

Injiniyan hanya: Gaskiya ne, Malam, sai dai ɗan acaɓa zai sulale ta tsakaninsu ba tare da ya rage ba. Inda babura suka fi yawa, amfaninsa rabi ne.

Mai aikin magudanar ruwa: Ba wanda ya taɓo ruwa. Tudun da ya tokare daga gefe zuwa gefe madatsa ce. Ruwan Agusta ya kwanta a bayansa, ya ratsa ƙarƙashin kwalta, ya jiƙa marmara, kafin kaka rami ya buɗe. A bar santimita 20 zuwa 30 a kowane gefe, ko a buɗe wa ruwa ƙofa zuwa lambatu ta ɓangaren da yake gangarowa. Gangaren da ya wuce kashi 8 cikin ɗari kuwa, wato titi ya sauka fiye da mita 8 a tafiyar mita 100, kada a sa tudu sam.

Mai tsara birane: To a ƙofar makaranta da masallaci a ɗaga wurin tsallakawa daidai da hanyar ƙafa: sama shimfiɗaɗɗe mita 3, hawa da sauka mita 1.8 kowanne, a shimfiɗa intalok, a yi fenti mai ƙyalli, a sa fitila.

Ɗan kwangila: Ai wannan ma tudu ne, Hajiya, riga kawai ya sake. Kuɗinsa kuma ya fi.

Injiniyan hanya: Kafin a yi lissafin kuɗi, Alhaji, a auna gudun. A shata mita 50, a riƙe agogo safe da yamma da dare. Mai gudun 30 daƙiƙa 6 zai yi. Wanda ya wuce cikin ƙasa da 4 ya doshi 50.