Sauya mazurarin jitar rezoneta: abin da masana suka fi nanatawa

Jitar rezoneta ita ce wadda ake sa mata mazurari, wato siririn faifan ƙarfe mai siffar mazurari da ke ƙara mata sauti. Shawarar da kusan kowa ya fara da ita: auna tsohon mazurarin kafin ka sayi sabo. Mazurarin jitar samfurin National mai mazurari ɗaya yawanci inci 9.5 ne, na Dobro inci 10.5, mai uku kuwa kowanne inci 6.

Inda aka fi tsayawa shi ne ƙira. Mazurarin alminiyom da aka murza a kan inji ya fi wanda aka danna da injin matsi ƙara da daɗin amo, shi ya sa ake yawan ambaton masu ƙera mazurari irin su Beard da Quarterman. A ganina gaskiya ne, amma idan bakin da mazurarin ke zama bai daidaita ba, ko mai tsada sai ya yi zuza. A samfurin Dobro kada a matse sukurun da ke tsakiyar mazurarin sosai, yana shaƙe sauti.