Me ya sa sin(x) ke fitowa a miƙe a pgfplots?

Tambaya:
Assalamu alaikum, malamai. Ina shirya takardar darasin lissafi da LaTeX (manhajar tsara rubutu), na kuma yi amfani da pgfplots (kayan zana giraf a LaTeX) domin zana sin(x) daga 0 zuwa 2π, amma maimakon lanƙwasa mai hawa da sauka, sai miƙaƙƙen layi ya fito. Mene ne sanadin haka?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Pgfplots yana ɗaukar kusurwa a ma'aunin digiri ne, ba radiyan ba, saboda haka 2π, wato kusan 6.28, digiri shida da ɗoriya ne kawai a wurinsa, inda ƙimar sin ba ta wuce 0.11 ba. Ka rubuta sin(deg(x)), inda deg ke mayar da radiyan zuwa digiri, matsalar za ta kau.

Amsa ta biyu:
Ƙari a kan bayanin ɗan'uwa: idan ba ka faɗa wa pgfplots adadin ɗigo ba, ɗigo 25 kaɗai yake lissafawa ya haɗa su da layi, shi ya sa ƙololuwar lanƙwasar kan fito da kusurwoyi. Ni dai samples=100, wato ɗigo 100, nake sawa, domin yawan ɗigo fiye da kima yana jinkirta haɗa takardar.

Amsa ta uku:
In za ka zana tan(x) nan gaba, ka sa restrict y to domain=-10:10 domin taƙaita ƙimar y tsakanin -10 da 10, in ba haka ba dogayen layuka tsaye za su ɓata zanen kusa da π/2.