Galaksi bakwai ɗin da Webb ya tabbatar: gungu ne ko ba gungu ba?

Mai Hangen Nesa: Jama'a, abin da haushi. Tun 2023 madubin hangen nesa na James Webb da ke sararin samaniya ya tabbatar da gungun galaksi (manyan rukunan taurari) 7 a z = 7.88 (z ma'aunin yadda haske ya miƙe ne a hanya, yana nuna nisa), wato shekara miliyan 650 kacal bayan Babbar Fashewa, mafarin sararin samaniya, amma a zauren nan ko tari ba wanda ya yi. Ni dai na ce madubin da ke ƙasa sun zama tsohon yayi, a rufe su a huta.

Malam Sani: Gungu? A'a. A2744-z7p9OD, wato waɗannan bakwai ɗin, ɗanyen gungu ne, bai nuna ba. Kafin a ce gungu sai nauyi ya ɗaure galaksin sun zauna, sannan a samu iskar gas mai zafin digiri miliyoyi a tsakaninsu tana fitar da hasken X. Dubi gungun Coma: galaksi sun haura 1,000. Kai kuma bakwai ka ƙirga.

Mai Hangen Nesa: Ranka ya daɗe, ɗan zaki ai zaki ne. An auna gudunsu, kusan kilomita 1,000 a daƙiƙa, irin na Coma.

Malam Sani: Daga ƙwaya bakwai za ka fitar da bambancin gudu ka rantse a kai? Ɗaya ta kauce, lissafin ya rushe. Kuma abin da ke faɗowa ciki shi ma gudu yake yi, ba shi ke nuna ya zauna ba.

Zara: Ni kalmar ce ma ke damuna. Wasu na rubuta "gungun taurari", mai karatu ya ɗauka Kaza da 'Ya'yanta ake nufi, alhali ita tana nan cikin galaksinmu, shekarar haske 440 ko kusa da haka. A ce taron galaksi.

Ɗan Katsina: Taro yana watsewa, Yaya Zara. Tarin galaksi ya fi.

Zara: Tari na shara ne da tsakuwa.

Ɗan Katsina: Da kuɗi.

Injiniya Bala: Ku bar wannan, ga yadda ake nemo su. Ana ɗaukar hoton fili ɗaya da matatun haske daban-daban. Haidirojin da ke kan hanya yana shanye hasken da tsawonsa bai kai nanomita 121.6 ba, sai galaksin ta ɓace a matatun gajeren haske ta bayyana a na dogo. Ka ninka 121.6 da 1 + z: a 7.88 yankewar tana wajen nanomita 1,080. Daga nan sai a ƙirga inda 'yan takara, wato galaksin da ake zaton masu nisa ne, suka yi cunkoso fiye da sauran fili. Inda ake faɗuwa shi ne nisa. Kuskuren 0.1 a z a can ya kai kusan shekarar haske miliyan 100 a ma'aunin yau, don haka galaksin da ba su san juna ba sai su jeru a layi ɗaya kamar 'yan gida ɗaya. Shi ya sa sai an bi kowace da na'urar rarraba haske, kamar NIRSpec. Galaksin CEERS-93316 da hoto aka ce z ɗinta 16 ne da ɗoriya, da aka rarraba haskenta ta sauko 4.9, ƙura da layukan haske masu ƙarfi ne suka yi ruɗin.

Hajiya Rabi: Kuma mai cewa a rufe na ƙasa, wa ya gano ɗanyen gungun SPT2349-56? Madubin Kudancin Duniya mai faɗin mita 10 ne ya ga ɗigo ɗaya, ALMA, madubin rediyo da ke ƙasar Chile, da farantanta 66 ta warware shi zuwa galaksi 14 a z = 4.3, a 2018. Ƙura ta rufe su, a hasken milimita suke ƙyalli. ALMA ɗin ce kuma a 2023 ta ga alamar gas mai zafi a cunkoson galaksi na Spiderweb, z = 2.16, ta inuwar da yake yi wa tsohon hasken farkon duniya.

Mai Hangen Nesa: Hajiya, ke dama 'yar ALMA ce, kowa ya sani.

Hajiya Rabi: Kai kuma ɗan Webb. 'Yan takarar naka ma Hubble ne ya fara hango su, da taimakon nauyin gungun Abell 2744 da ke gabansu, wanda ke lanƙwasa haske yana ƙara musu girma.

Malam Sani: Hajiya ta ƙarfafa maganata. Spiderweb da gas ɗinsa ma ɗanye ake kiransa. CL J1001+0220 a z = 2.5, da aka ga hasken X nasa a 2016, shi ne za a iya fara jayayya a kansa.

Ɗan Katsina: "Ɗanye" kuma? Mangwaro ne? Jaririn gungu.

Zara: Jaririn da haskensa ya yi tafiyar shekara fiye da biliyan 13?

Ɗan Katsina: Hasken ne tsoho, Yaya, hoton na yarinta ne.

Injiniya Bala: Ba wanda ya ce komai a kan kuskuren nisa fa.

Malam Sani: To, a taƙaice zaure ya yarda: abin da Webb ya gani ɗanye ne, ba gungu ba, kuma gas mai zafi shi ne alƙali. Mai Hangen Nesa ya janye.

Mai Hangen Nesa: Yaushe na janye, Malam?

Zara: Kuma ba a yarda da "ɗanye" ba. Taro.