Shin sai malami ya koyi HTML kafin ya buɗe wa ajinsa shafi?

Malamin Tarihi: Assalamu alaikum, malamai. Na ji wata 'yar'uwarmu tana hana idonta barci wajen koyon HTML, yaren da ake rubuta shafukan intanet da shi, wai za ta gina wa ajinta shafin intanet na saka darussa da aikin gida. Ni dai a ganina wahalar da kai ce. Ga Google Sites nan kyauta, ka jawo hoto ka ajiye, ka buga rubutu, shi ke nan. Malamin da takardun jarrabawa suka jibge a gabansa, ina ya ga lokacin koyon yaren kwamfuta?

Malamar Kimiyya: Wa alaikumus salam. Malam, ba sai an sakaya ba, ni ce. Abin bai kai yadda kake zato ba. Fayil ɗaya ne, sunansa index.html, kuma a Notepad, manhajar rubutu ta kwamfuta, nake rubuta shi. Alamar h1 ita ce kan darasi, p sakin layi, img hoto, sai alamar "a", tare da href, wadda ake latsawa a tafi wani shafin. Da waɗannan huɗun na tsara darasin numfashi gaba ɗayansa, har da zanen huhu. Akwai kuma layi guda a can sama da ke gaya wa burauza, wato manhajar buɗe shafi, cewa rubutun na tsarin haruffa na UTF-8 ne. In babu shi, ƙ da ɗ da ɓ na iya rikiɗewa su zama wasu alamomi marasa kan gado, yaro ya rasa me yake karantawa.

Malamin Tarihi: To ai kin kama kanki da kanki, Malama. A Google Sites wa ya taɓa damuwa da wannan layin?

Malamin Lissafi: Ranka ya daɗe, bari in shigo. Ka duba ta ɓangaren ɗalibi. Shafin da rubutu ne zalla nauyinsa 'yan kilobait ne, alhali hoto ɗaya da aka ɗauka da waya yakan kai megabait biyu ko uku. Shafukan da ake haɗawa da manhajojin jawo-ka-ajiye suna zuwa da kaya masu yawa a bayansu, waɗanda dole wayar yaro ta sauke kafin ya ga kalma ɗaya. In sabis ya yi rauni sai ya yi ta kallon farin allo. Nata kuwa ko intanet babu zai buɗe: ta tura fayil ɗin da hotonsa ta Bluetooth, yaro ya karanta a gida.

Wata Malamar Firamare: Ni duk wannan ya fi ƙarfina. Me ya hana a buɗe zauren WhatsApp kawai?

Malamar Kimiyya: Anti, darasin da kika saka ranar Litinin, kafin Laraba gaisuwa da "an gode Malama" sun binne shi. Ga shi kuma ƙa'idar WhatsApp sai mai shekara 13 zuwa sama, naki ɗaliban ba su kai ba. Sannan lambar kowa a fili take ga kowa.

Malamin Tarihi: Wannan na yarda. Amma batun Google Sites har yanzu ba a kayar da ni ba. Akwai Google Classroom tun 2014, akwai Moodle tun 2002, duk don malamai aka yi su. Suna karɓar aikin gida, suna ajiye maki. Fayil ɗinki na iya karɓar amsar yaro ɗaya?

Malamar Kimiyya: Ba ya iyawa, kuma ban ce yana yi ba. Allon sanarwa nake so, wanda yaro zai samu darasin makon jiya ba sai ya tambaye ni ba.

Malamin Lissafi: Kuma Malam, kai da kake malamin tarihi, ka tuna Edmodo. Malamai da yawa a duniya sun zuba darussansu a can, sai ga shi an rufe shi a watan Satumban 2022. Kafin shi Wikispaces, wani dandalin haɗa shafuka, ya rufe a 2018, GeoCities kuma, shi ma na buɗe shafuka, tun 2009 Yahoo ta kulle shi. Zanen aro ba ya rufe katara. Shafin farko na duniya, wanda Tim Berners-Lee ya yi a cibiyar CERN, HTML ne tsura, kuma har yau burauza na buɗe irinsa ba gardama. Fayil ɗin Malama yana cikin kwamfutarta. In kamfanin da ke riƙe mata shafin a intanet ya rufe, gobe ta ɗora shi wani wuri.

Malamin Tarihi: Ai Google ba Edmodo ba ne.

Malamin Lissafi: Google+ fa, dandalinsu na sada zumunta? A 2019 suka rufe shi da hannunsu.

Tsohon Hedimasta: 'Ya'yana, na bar ku kun yi ta yi, amma akwai abu biyu da ban ji kowa ya taɓo ba. Na farko, ranar da aka yi wa Malama canjin wurin aiki, wa zai ci gaba da shafin? Na ga ayyuka masu kyau sun mutu a makaranta saboda mutum ɗaya ne ya san sirrinsu. A nan Malamin Tarihi yana da gaskiya, don abin da kowa zai iya gyarawa ya fi daɗewa a hannun jama'a. Na biyu ya fi damuna. Shafin da aka ɗora a buɗe, duk wanda ya samu adireshin zai gani. Kada in ga sunan yaro, ko hotonsa, ko makinsa a kai.

Malamar Kimiyya: Baba, na biyun na riga na kiyaye, darasi ne kawai da zane. Na farkon kuma na bar bayani a cikin fayil ɗin, wanda ɗalibi ba ya gani sai mai gyara: "canza taken mako a nan", "saka sabon darasi a ƙarƙashin wannan layi". Wanda ya iya kwafa da liƙawa zai iya riƙe shi.

Malamin Tarihi: Kin faɗa da baki, Malama. Turo min shi in gwada saka darasin Yaƙin Duniya na Biyu ba tare da na kira ki ba. In na kira ki, kin faɗi.

Wata Malamar Firamare: Ni ma a turo min. Amma a waya zan buɗe, ba ni da kwamfuta.