Yawan hidima shi ne ci gaba, ko kai-komo ne kawai?

Zainabu: Assalamu alaikum. Yanzu duk wanda ka gaisa da shi sai ya ce "wallahi ayyuka sun sha min kai", kuma da alfahari yake faɗa. Wanda aka ga yana da sarari kuwa sai a ce rago ne. Masana, da gaske yawan awannin aiki ne ke kai mutum ga nasara? Kuma ta yaya zai gane aiki yake yi ko kai-komo?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam, Malama Zainabu. Ƙarin awanni na da amfani, amma yana da iyaka. John Pencavel na Jami'ar Stanford ya bi bayanan ma'aikatan masana'antun makamai na Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Har kusan awa 49 a mako, kayan da ake ƙerawa na ƙaruwa daidai da lokacin da aka sa. Daga nan ƙarin sai ya riƙa raguwa, har ya zamana abin da aka fitar a awa 70 da kaɗan ya ɗara na awa 56. Gajiya ce ke kawo kuskure, kuskure kuma ya sa a sake aiki.

Ga kuma lafiya. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ce mai yin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya ƙaru da kashi 35 cikin 100 a kan mai yin awa 35 zuwa 40.

Injiniya Ladi: Akwai lissafin da ya kamata duk mai rarraba aiki ya sani. Idan ayyuka na faɗowa ba a kan tsari ba, jiran kowane aiki ya danganta da yadda lokacinka ya cika. In rabi ya cika, sabon aiki zai jira kimanin tsawon aiki ɗaya. In kashi 80 ne, tsawon huɗu. Kashi 90, tara. Kashi 95, goma sha tara. Kamar titin da ya cika maƙil ne: motoci da yawa, amma ba mai motsi. Shi ya sa wanda bai da minti ko ɗaya a sarari shi ne kayansa ba sa fita a kan kari.

Gyaran: a bar kashi ɗaya cikin biyar na yini babu komai a ciki, wato kusan awa ɗaya da rabi cikin takwas. Kada ayyukan da aka buɗe su wuce uku, ba a taɓa na huɗu sai an rufe ɗaya. In shugaba ya ƙaro wani, a nuna masa ukun a ce, "Ranka ya daɗe, wanne zan ajiye?" Inda ake faɗuwa shi ne a riƙa kallon sararin nan a matsayin ɓata lokaci, sai a cusa masa taro. Taron mutum takwas na awa guda kuwa yinin ma'aikaci ɗaya ne cur.

Baba Isa: Na yarda da Injiniya, sai dai a yi adalci. Wanda ake biya da yini ko da yawan abin da ya yi, awanninsa su ne abincin iyalinsa, ba burga yake ba. Burgar ta fi yawa a aikin ofis, inda ba a iya ƙirga abin da mutum ya samar, sai a auna shi da zirga-zirga da saurin amsa saƙo. Binciken Silvia Bellezza da abokan aikinta a 2017 ya nuna Amurkawa na ɗaukan mai yawan aiki babban mutum, Italiyawa kuma mai hutu suke ɗauka haka. Ke nan ɗabi'a ce da aka koya.

Malam Sabo: Tambayarki ta biyu, Malama. Ki ɗauki mako biyu, duk rabin awa ki rubuta abin da kika yi, nan take. In kika bari sai dare, ƙwaƙwalwa za ta ƙawata miki lissafin. A gaban kowane layi sa alama ɗaya: abin da ya kammalu har wani ya karɓa, abin da ke hidima wa wancan, ko amsa kiran wasu. Sannan ki ƙirga sau nawa kika tsallaka daga aiki zuwa wani, domin wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa hankali na maƙalewa a aikin da aka bari bai ƙare ba. In tsallaken ya yi yawa, ware minti 90 sau biyu a yini don aiki ɗaya tak, waya a wani ɗaki, saƙonni kuma sau uku kacal: da safe, da rana, da kafin a tashi. Ki sanar da abokan aiki waɗannan lokuta tun farko, in ba haka ba kira za su koma yi.