Injin busar da kaya yana juyi amma ba zafi, mai gyara ya ce a haɗe wayoyi

Maman Ƴan Biyu, Lazare, Yamai

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawarar waɗanda suka san aikin wuta nake nema, kuma da ɗan gaggawa.

Ina da injin busar da tufafi da yayana ya aiko mini daga Beljiyam, na hannu ne amma lafiyarsa ƙalau ya iso. Irin wanda ba shi da bututun fitar da iska ne, ruwan yana taruwa a wani dogon tanki a sama, in ya cika in zubar. A takardar bayansa an rubuta 230 V, 50 Hz, 2500 W. Inna, mahaifiyar maigidana, tana kwance da shanyewar ɓarin jiki, zanen gadonta da tawul ba sa yini ba a canza ba. Ga Agusta, ga tsakar gidanmu ƙarama, in hadari ya haɗu babu inda zan shanya.

Daren Talata yana tsakar aiki aka ɗauke wuta. Da ta dawo na kunna, fitilunsa suka kama, ganga tana juyi kamar kullum, amma iskar sanyi ƙalau. Lokaci ya cika, kaya suka fito a jiƙe, tankin kuma ko ɗigo babu. Na kira wani yaro mai gyaran firji a unguwa, ya buɗe baya, ya nuna mini wani ɗan abu zagayayye mai wayoyi biyu, ya ce shi ya mutu, zai cire shi ya haɗe wayoyin, zafi ya dawo nan take. Maigida ya ce a dakata. Injin yana ɗakin da ke manne da na Inna, ita kuwa ko tashi ba ta iyawa. In yarda a haɗe, ko akwai wata hanya?

Mai Gyara na Bukoki

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Inna lafiya, ya saka miki.

Kada ki yarda. Yaron ya gano wurin, amma maganinsa ne babu kyau. Abin da ya nuna miki tarmosta ce ta tsaro, girmanta kamar tsabar dala biyar, tana manne a jikin akwatin rezistans, wato wayar da ke yin zafi tana ɗumama iskar. Aikinta ɗaya ne, in zafi ya wuce iyaka ta yanke wa rezistans wuta. In aka haɗe wayoyin, ranar da iska ta toshe ba mai yankewa, kuma cikin injin nan cike yake da ɓurɓushin auduga busasshe.

Ga abin da ya faru ranar Talata. Fanka da ganga ɗan injin lantarki ɗaya ke juya su. Da wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya cak, rezistans kuwa tana nan da zafinta, ba iskar da za ta kwashe shi. Zafin ya taru wuri ɗaya, tarmosta ta buɗe. Shi ya sa injin in zai gama aiki yake ɗaukar kamar minti 10 yana hura iska marar zafi. Lokacin da aka yanke layin da ke kawo mana wuta daga Birnin Kebbi, a Agustan 2023, wannan matsalar ce ta fi kawo irin injinan nan shagona.

Sai a cire filogi daga bango tukuna, kashe maɓalli kawai bai isa ba. A buɗe murfin baya a duba tarmostocin, galibi biyu ne kusa da juna. Wasu suna da ɗan jan maɓalli a tsakiya, in an danna aka ji ƙas, ta koma daidai. In babu maɓalli, a zare waya ɗaya a sa mitar awo a ƙafafunta biyu. In mita ta yi ƙara, lafiya take. In shiru, ta mutu, sai sabuwa. Lambar zafinta tana rubuce a jikinta, a ɗauki tsohuwar a tafi da ita kasuwar Katako wajen masu kayan tsofaffin injina, a nemo mai lamba iri ɗaya. Kada a karɓi wadda ta fi ta lamba wai don ta fi juriya.

Tunda an buɗe, a auna rezistans ɗin ma. Mai 2500 W a kan 230 V za ta nuna om 21 a mitar ko kusa da haka. In waya biyu ce a ciki, kowace za ta nuna fiye da haka, ba laifi ba ne. Wadda ta tsinke ce ba ta nuna komai.

Tambaya ɗaya, Hajiya: akwatin ƙarfen da ke ƙasa, bayan wata ƴar ƙofa ta gaba, yaushe rabon a wanke shi? A nan tururi yake komawa ruwa. Rariyar bakin ƙofa kowa yana sharewa, wancan ne ake barinsa, ƙurar hunturu ta haɗu da auduga da laima ta zama laka tsakanin faifan ƙarfen da ke cikinsa. Injin da iskarsa ke tafiya sosai yakan tsallake ɗaukewar wuta ba abin da ya same shi. Wanda ya riga ya shaƙe ne yake faɗuwa.

Dattijon Ader, Tawa

Ɗiyata, Allah shi ba Inna lahiya, shi ba ki ladar jinya. Ni ban san cikin wanga inji ba, amma na yi jinyar tsohona shekaru, rana da igiya munka yi aiki da su. Kahin a gyara, ki ɗaure igiya cikin ɗaki ki sakam ma kayan fanka, kuma in kina da injin wanki ki sa shi matse su da juyi mahi ƙarhi. Zanen da anka matse da kyau ba shi kwana da ruwa. Kuma don Allah ko an gyara kada shadda ta shiga cikinai, zahi na kashe mata ƙyalli, mai bugu shi sha wahala banza.

Malamar Asibiti, Yantala

Maman Ƴan Biyu, sannu da ƙoƙari. Baba na Tawa ya yi gaskiya kan fanka, sai dai a damina zane mai kauri yakan yi warin laima kafin ya bushe, kuma fatar mai dogon kwanciya ba ta son danshi ko kaɗan, nan da nan gyambo yake buɗewa. Don haka gyaran ya cancanta.

Abin da nake so ki kula da shi: in kuna shafa wa Inna man kaɗanya ko man zafi ko basilin, yana shiga zane da tawul, kuma wankin ruwan sanyi ba ya fitar da shi duka. Kaya mai maiƙo in ya yi zafi aka bar shi a dunƙule yana iya kamawa da kansa. Ki wanke su da ruwan zafi da isasshen sabulu. In wuta ta ɗauke injin yana aiki, buɗe ƙofa ki fito da kayan ki baza su, kada su kwana a ciki. Shimfiɗar roba da ake sawa ƙarƙashin zane kuma kada ta shiga injin sam.

Maman Ƴan Biyu, Lazare, Yamai

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maigida ya karanta wa yaron bayanin Malam na Bukoki, bai yi musu ba, ya dawo da mitarsa. Tarmosta ɗaya ta yi ƙara, ɗayar shiru kuma ba ta da maɓalli. Rezistans lafiya. Akwatin ƙasan da muka zaro, wallahi ba a ganin haske ta cikinsa, jar laka ce da zare. Mun yi ta watsa masa ruwa har ya fito fari. An samo tarmosta mai lamba ɗaya a Katako, an sa, yanzu tanki yana tara ruwa.

Saura abu ɗaya. Da rana yana gama zanen gado da wuri, amma bayan magariba yana daɗewa sosai, kuma kan wayar ƙarin da muke jona shi yana ɗumi. Wata matsalar ce ta taso?

Mai Gyara na Bukoki

Alhamdu lillahi. Daɗewar dare ba daga injin ba ne, Hajiya. Bayan magariba kowa ya kunna kayansa, ƙarfin wuta yana sauka a unguwanni da yawa, rezistans kuma tana jin saukar fiye da fitila. In 230 ta koma 180, zafin da take bayarwa wajen kashi 61 cikin 100 ne kawai. Ki mayar da busarwa da safe, in da hali kuma ki bar ƙofar ɗakin a buɗe, domin irin naki da iskar ɗaki yake sanyaya tururi, ɗaki mai zafi yana ja masa lokaci. A Afrilu da Mayu za ki ga haka sosai.

Wayar ƙarin ce ta fi damuna. Injin yana jan kusan amfiya 11, siraran wayoyin kasuwa ba su ɗaukar haka na awa guda ba tare da sun yi zafi ba. Ki daina amfani da ita daga yau. A sa mai aikin wuta ya ja masa soket nasa na amfiya 16 a bango, da waya mai kaurin 2.5 mm², a haɗa masa wayar ƙasa. Akwatin ƙasan kuma a riƙa wanke shi duk wata, in hunturu ya shigo duk sati biyu, a bar shi ya tsane kafin a mayar.